Yadda Ake Muhawara Kan Nisan Rana Daga Ƙasa

Kafin gardama ta yi zafi, a fara raba tambayar gida biyu: me nassi ya faɗa, me kuma awo ya nuna. Alƙur'ani bai kawo adadin nisan rana ba. Hadisin tafiyar shekara 500 yana magana ne kan tazarar sammai. Hadisin da ke Sahihu Muslim na kusanto da rana gwargwadon mil ɗaya kuwa, ranar alƙiyama yake nufi. Yawancin rikici daga ɗora waɗannan nassoshi kan ranar da muke gani yau yake tasowa.

Sai ɓangaren awo. Matsakaicin nisan ya kai kimanin kilomita miliyan 149.6. A farkon Janairu yana sauka zuwa 147.1, a farkon Yuli ya haura 152. Haske kan ɗauki minti 8 da daƙiƙa 20 kafin ya iso mana. Masana sun auna nisan lokacin da duniyar Zahara (Venus) ta gifta gaban rana a 1761 da 1769, sannan da na'urar rada (radar) a 1961.

Ku gwada da kanku. A huda kwali da allura, a riƙe shi mita biyu daga farar takarda. Hoton rana zai fito da faɗin kusan milimita 18.5, wato mita biyun sun ninka faɗin hoton kusan sau 108, haka ma nisan rana ya ninka faɗinta kusan sau 108. Huda mai faɗi na ɓata hoton, hazon hunturu kuma na dusashe shi. Kada a kalli rana kai tsaye, tana ƙona ido.