Yadda ake haɗa GPS da farantan sauraron sararin samaniya don auna duniya

Ƙasar da muke takawa ba a tsaye take cak ba. Jan wata da na rana yana ɗaga ta ya sauke ta da kusan santimita 30, sau biyu a yini. Nahiyar Afirka tana gusawa arewa maso gabas da santimita 2 da 'yan kai a shekara, tsawon yini kuma yana ƙaruwa ko raguwa da ɗan abin da bai wuce 'yan milisakan (kashi ɗaya cikin dubu na sakan) ba. Masana awon duniya suna so su kama wannan motsi har zuwa milimita 1, kuma babu hanyar awo guda da za ta iya ita kaɗai.

Taurarin ɗan'adam masu nuna wuri, wato GPS na Amurka, Galileo na Turai, GLONASS na Rasha da BeiDou na Sin, suna da tashoshi birjik a ƙasa, sai dai su kansu yawo suke yi a kewayen duniyar da ake son aunawa. Ita kuwa hanyar da ake kira VLBI, manyan farantan rediyo ne ke sauraron kwasar, wasu wurare masu tsananin haske da nisansu ya kai tafiyar haske ta biliyoyin shekaru. Saboda nisa, kamar a kafe suke a sama. Matsalarta tsada da ƙarancin tashoshi. Ga yadda ake haɗa su.

Mataki na 1: a tara na'urorin a wuri guda

Ana neman fili mai dutse a ƙasa, nesa da turakun sadarwar waya, domin siginar kwasar ba ta da ƙarfi ko kaɗan. A nan ake kafa farantin, a gina ginshiƙin siminti har kan dutsen, a ɗaura eriyar GPS a kai. Haka aka yi a Wettzell ta Jamus, Onsala ta Suwidin, Kokee Park ta Hawai da Hartebeesthoek ta Afirka ta Kudu. Tsakanin farantin da eriyar yawanci 'yan mitoci ne, goma-goma ko ɗari-ɗari.

Mataki na 2: agogo ɗaya

Duk aikin nan awon lokaci ne. A kashi ɗaya cikin biliyan na sakan, siginar rediyo tana cin santimita 30. Don haka kowace tasha tana da agogon atam mai aiki da haidurojin, kuma an fi so a jona na'urar GPS da shi, su riƙa ƙidaya tare da farantin.

Mataki na 3: a saurari kwasar

Ana fitar da jadawali tun kafin ranar, kowace tasha ta san kwasar da za ta fuskanta da kuma sakan ɗin da za ta juya. Hukumar IVS mai haɗa kan tashoshin VLBI na duniya, wadda aka kafa a 1999, tana shirya zaman awa 24 duk Litinin da Alhamis, ban da gajerun zama na awa ɗaya da ake yi kusan kullum tsakanin tashoshi masu nisa gabas da yamma, irin Wettzell da Kokee Park. Tsofaffin farantan suna sauraro a zango biyu, gigahaz 2.3 da 8.4. Sababbin, masu faɗin mita 12 zuwa 13, sun fi saurin juyawa, suna kuma kama daga gigahaz 2 zuwa 14.

Abin da faranti ke naɗa ba wani saƙo ba ne, shuuu ce kawai irin ta rediyon da bai kama tasha ba. Ana tura ta, da tambarin lokaci a jikinta, zuwa manyan kwamfutoci a Bon ko Washintan. Can ake zame naɗin wata tasha a kan na wata har sai sun yi daidai. Yawan zamewar shi ne jinkirin isowar siginar tsakanin tashoshin biyu. In aka tara irin wannan jinkiri daga kwasar da dama ta kusurwoyi daban-daban, tsawon layin da ke tsakanin tashoshin zai fito, da kuma inda duniya ta fuskanta a sararin samaniya a wannan lokaci.

Mataki na 4: a bar GPS yana ta naɗa

Wannan ba ya buƙatar jadawali. Dare da rana na'urar tana ɗaukar awo duk sakan 30 daga taurarin da ke sama, waɗanda na GPS cikinsu suke nisan kilomita 20,200. Bayanan suna tafiya ga hukumar IGS da ke tattara awon GPS na duniya, mai aiki tun 1994 da tashoshi fiye da 500.

Mataki na 5: a cire ɓarnar iska

Sigina ba ta isowa lafiya lau. Can sama akwai sashen iska mai caji da ke jinkirta ta, amma wannan da sauƙi: jinkirin ya bambanta daga zango zuwa zango, shi ya sa ake sauraro a zango biyu a lissafa a cire. Iskar ƙasa-ƙasa ita ce ciwon kai. Busasshiyarta tana ƙara wa tafiyar siginar kimanin mita 2.3 in ta sauko daga tsakar ka, ana kuma gano wannan daga awon nauyin iska. Tururin ruwa kuwa ba shi da alƙibla, yanzu ya yi yawa, an jima ya ragu. A nan zama wuri guda yake biya: sama ɗaya ce a kan farantin da eriyar, don haka abin da GPS ya gano game da tururin yana gyara lissafin VLBI, bayan an cire bambancin tsayin na'urorin biyu.

Mataki na 6: a auna tazarar da ke tsakaninsu

A ganina wannan ne zuciyar aikin, kuma shi ne wanda ba a cika yabawa ba. VLBI ya ba da matsayin faranti, GPS ya ba da matsayin eriya. Wurare biyu ne daban. In ba a san tazararsu ba, kamar masu awon hatsi biyu ne kowa da mudunsa, ba wanda ya taɓa juye nasa a na ɗan'uwansa.

Sai masu safiyo su shigo da na'urarsu mai auna kusurwa da nisa. Wahalar ita ce, ɗigon da ake auna faranti daga gare shi ba a ganinsa da ido. Yana inda sandunan juyawarsa biyu suka gitta, na kewayawa da na ɗagawa, a cikin ƙarfe ko ma a sarari. Don a gano shi, ana manna ƙananan madubai a jikin farantin, a juya shi kaɗan, a auna, a sake juyawa, a sake aunawa. Kowane madubi yana zana da'ira. Daga tsakiyar da'irorin ake fitar da sandunan, daga sandunan a fitar da ɗigon. Sannan a ja awo daga nan zuwa gindin eriyar GPS, ana neman kuskuren kada ya wuce milimita 1. Ga shi ƙarfe yana miƙewa da zafin rana, babban faranti kuma yana ɗan lanƙwasa da nauyin kansa idan ya sunkuya. Dole a saka duka a lissafi, a kuma maimaita awon bayan 'yan shekaru.

Mataki na 7: a zuba komai a lissafi ɗaya

Kowace hanya ana karɓar abin da ta fi iyawa. GPS yana ba da yawan tashoshi da rangajin da sandar juyawar duniya ke yi kullum. Amma ba zai iya faɗin ainihin inda duniya ta kai a juyawarta ba, domin ba ya bambance juyawar duniya da gusawar hanyar taurarinsa. Wannan awo, da ake kira UT1, daga VLBI kaɗai ake samunsa. Ba ƙaramin abu ba ne: a kan layin ikwaita, wanda ya raba duniya arewa da kudu, ƙasa tana gudun mita 465 a sakan, kuskuren milisakan 1 ya zama kusan rabin mita ke nan.

Akwai wasu hanyoyi biyu da ake haɗawa, harba hasken leza ga taurarin ɗan'adam da tsarin DORIS na Faransa, inda tashoshin ƙasa ke aika siginar rediyo ga taurarin. Leza ce ke nuna cibiyar nauyin duniya, ita da VLBI kuma suke tsayar da girman ma'aunin. Hukumar taswira ta Faransa ce ke haɗa huɗun ta fitar da ma'aunin duniya, kamar ITRF2020 da ya fito a 2022, inda kowace tasha take da matsayinta da saurin gusawarta a shekara.

Mataki na 8: a bi diddigin saɓani

A tashoshi da yawa, tazarar da masu safiyo suka auna da wadda lissafin sama ya bayar suna saɓawa da milimitoci, wani wuri har fiye da santimita. Akan koma a binciki eriya, ginshiƙi da farantin. Don rage wannan ne hukumar sararin samaniya ta Turai ta amince a 2022 da tauraron Genesis, wanda zai ɗauki na'urorin hanyoyin huɗu a jikinsa a nisan kilomita 6,000, a auna tazararsu tun a ɗakin gwaji kafin a harba shi.

Mai safiyo a Najeriya yana shiga wannan ma'auni ta tashoshin GPS na dindindin, irin ta Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya da ta cibiyar awon ƙasa da ke Toro a Jihar Bauchi. Tsofaffin taswirori kuwa a kan ma'aunin Minna aka zana su, sai an juya lambobinsu kafin a ɗora su a kan awon GPS, in ba haka ba iyakar fili za ta kauce da mitoci masu yawa.