Yadda na gyara hoton da ke rikicewa a Commodore 64

Na dawo koyon BASIC, yaren rubuta shirin kwamfuta, a kan tsohuwar kwamfutar Commodore 64. Ɗan hoto mai yawo da na zana yana fita lafiya, amma da shirin ya karanto maki daga kaset sai ya dagule.

Da farko na zargi zafin Sakkwato, na saka wa injin fanka. Na goge kan na'urar kaset da sifirit, na sake bin lambobin DATA 63, waɗanda su ne zanen hoton, ɗaya bayan ɗaya. Duk a banza.

Ashe wurin ajiyar ne. Na zuba hoton a adireshi 832 na ma'adanar kwamfutar, alhali daga 828 zuwa 1019 nan kaset ke sauke abin da ya karanto, sai ya taka hoton.

A layin farko na rubuta POKE 52,48:POKE 56,48:CLR, don BASIC ya tsaya ƙasa da adireshi 12288 (POKE umarni ne na saka lamba a wani adireshi). Dole a farko, domin CLR na share duk lambobin da shirin ya riƙe. Na mayar da madaukin READ, mai karanto lambobin DATA, ya zuba hoton daga 12288 zuwa 12350, sannan POKE 2040,13, mai nuna wa injin inda hoton yake, ya koma POKE 2040,192, wato 12288 raba 64. POKE 53269,1 ya kunna hoton.

Alhamdulillahi, ya tsaya daram.