Kurakuran da aka fi yi wajen sa mahaɗin tsallake jerin saman shafi

Duk ɗalibin da ya kawo mini shafin intanet da ya gina, kafin in duba launi ko hoto, ture linzamin kwamfuta nake yi gefe in fara danna Tab. Makaho mai aiki da NVDA ko JAWS, manhajojin da ke karanta masa abin da ke kan allo da murya, da wanda shanyewar ɓarin jiki ta taɓa wa hannu, da mai rawar hannu, da yawansu da madannai suke yawo a shafi. In mahaɗai talatin ne a saman shafinka, sai sun bi ta kansu ɗaya bayan ɗaya, a kowane shafi, kafin su kai ga abin da ya kawo su. Mahaɗi ɗaya a farko mai cewa "Tsallake zuwa babban bayani" yana raba su da wannan wahala. Tun 2008 ƙa'idojin WCAG 2.0 na sauƙaƙa wa masu naƙasa amfani da shafukan intanet, waɗanda ƙungiyar W3C mai tsara ƙa'idojin shafukan intanet ta fitar, suka wajabta samar da hanyar tsallakewa, a sharaɗi na 2.4.1, mataki na A, wato mafi ƙanƙantar abin da ake nema. Amma har yau na gaji da gyara abu ɗaya.

Wanda ya fi ci mini rai shi ne ɓoye mahaɗin da display:none, don ni ma na taɓa yi. Na gina wa wata ƙungiya shafi, aka ce mini rubutun yana ɓata kyan sama, na ɓoye shi na kama gabana. Bayan 'yan makonni wani dattijo makaho, malamin makaranta, ya zo da kwamfutarsa a jaka. Ya buɗe shafin, ya ƙara murya. NVDA ta shiga jerowa: Gida, Game da mu, Shugabanni, Hotuna, Rassa, har da sunan kowane reshe. Ya ce, "Ɗana, ranar taro kawai nake nema, amma kullum sai na sha wannan karatu." Na ce, "Baba, ai akwai mahaɗin tsallakewa." Ya ce to in nuna masa. Na danna Tab, na sake dannawa, babu shi. Ya danna H don ya tsallaka zuwa kanun rubutu, nan ma shiru, domin kanun nawa manyan haruffa ne kawai, ban sa h1 ko h2 ba. Gumi ya karyo mini. Abin da ka ɓoye da display:none ko visibility:hidden ya ɓace wa ido, ya ɓace wa manhajar karanta allo, Tab ma ba ya samunsa. Tun daga ranar, tura mahaɗin nake yi can wajen allo da position:absolute, in sa :focus ya dawo da shi da zarar Tab ya sauka a kansa, baƙin rubutu a kan ruwan ɗorawa, manya-manya.

Na biyu, mahaɗin ya fito amma ba ya kai mutum ko'ina. An kwafo href="#main" daga wani wuri, alhali babu id mai wannan suna a shafin. Wani lokaci kuma shafin ya gangara, amma in ka sake danna Tab sai ka tsinci kanka a jerin da ka gudo. Haba jama'a! Tab, Enter, Tab, dannawa uku ne gwajin, ko minti ɗaya ba ya ci, me zai hana ku yi kafin ku miƙa aiki? Ni ina ƙara tabindex="-1" a kan main, wato alamar da ke ƙunshe da babban bayanin shafi, don Tab ya ci gaba daga nan. Wasu abokan aiki suna cewa burauzocin yanzu ba sa buƙatarsa. Ni dai ban daina ba.

Sauran ƙanana ne. Mahaɗin ya zama abu na farko da Tab zai taɓa, kafin tambari da akwatin bincike. Kada ka sa outline:none, wanda ke goge layin da ke kewaye abin da Tab ya sauka a kai, mai gani da ke aiki da madannai ba zai san inda yake ba. Shafin Hausa, a rubuta mahaɗin da Hausa. In saman shafinka mai mannewa ne, duba kada ya rufe layin farko na bayanin bayan an tsallaka. Kuma ka sa main da nav, wato alamar jerin mahaɗai, a inda suka dace, don mai NVDA da harafin D yake tsallaka tsakaninsu.