Yadda Ake Ceto Gidan da Ƙasar Gangare Ke Neman Zaftarewa da Shi

Sau da yawa ƙasa takan yi gargaɗi kafin ta zaftare. Ƙofa za ta fara cijewa, bango ya tsage a karkace daga kusurwar taga, bishiyoyi da turakun lantarki su karkata, gindin tudun ya kumbura, ko ruwa ya ɓullo inda ba a saba ganinsa ba.

Fara da auna motsin. Ja layi da fensir a ƙarshen kowace tsaga, ka rubuta kwanan wata da faɗinta. A waje kuma, kafa turaku biyar ko shida a miƙe, su ratsa gangaren, na farko da na ƙarshe a kan ƙasar da ba ta motsi, ka ja igiya. Turken da ya bar layi shi zai nuna maka inda ƙasa ke tafiya. Tsagar da ta haura milimita 5 ta injiniya ce. Idan kuwa tana buɗewa cikin kwanaki, ko ana jin ƙarar katako, a kwashe iyali a rufe gas da lantarki, sauran magana daga baya.

Sai ruwa, wanda shi ne ummul'aba'isi. Yana ƙara wa ƙasa nauyi, ya kuma rage riƙon da ke tsakanin ƙwayoyinta. Haƙa kwata a saman gangaren, can bayan tsagar ƙasa ta ƙarshe, ka shafe ta da kankare don kada ita kanta ta riƙa tsiyaya. Ruwan rufi a haɗa shi cikin bututu har gindin tudu. A toshe tsagogin ƙasa da yumɓu a daddaɓe, a gyara bututun da ke yoyo, a ɗauke ramin ruwan wanka daga gangaren. Ruwan da ya riga ya shiga kuma, a yi masa rami mai gangarowar santimita 1 a kowace mita, a shimfiɗa yadin tace ƙasa, a kwantar da bututu mai huji na milimita 100, hujin na kallon ƙasa, a cika da tsakuwa. In ba yadin, laka za ta toshe bututun.

Bayan wannan ne ake maganar katangar tare ƙasa, kuma a nan mutane suka fi asara. Bulo zalla babu rodi ba ya riƙe tudu. Katangar na bukatar tsakuwa mai kaurin santimita 30 a bayanta, da hujin fitar ruwa a kowace mita ɗaya zuwa ɗaya da rabi. Wadda ba ta da huji madatsar ruwa ce kawai, ruwa ɗaya mai ƙarfi zai kwantar da ita. Duk wadda ta wuce mita 1.2 a bar wa injiniya lissafinta. Kada a yanke gindin gangaren gaba ɗaya don haƙa harsashi, shi ke tokare da na sama. A yi shi gaɓa-gaɓa, lokacin rani. Kada kuma a jibge ƙasar da aka haƙo ko tankin ruwa a saman.

Ciyawar jema, mai dogon saiwa, na taimakawa idan zaftarewar ta sama-sama ce: a dasa ta layi-layi, tazarar santimita 10 zuwa 15 tsakanin tushe da tushe a cikin layin.

Mai zurfi kuwa sai an huda ƙasa an gano inda take zamewa, a kafa ginshiƙan kankare da rodi su wuce wurin su shiga ƙasa mai ƙwari. Sau da yawa kuɗin wannan ya fi na gidan. In haka ne, sai a bar wurin. Gidan katako ana zura masa ƙarafa a ƙasa, a ɗaga da jak, a ja shi zuwa sabon harsashi. Na bulo ba kasafai yake jure wannan ba, gara a cire kwano, ƙofofi, tagogi da wayoyi a sake gini. Sabon wurin ya nisanci gindin gangare da aƙalla rabin tsayinsa, bakinsa na sama kuma da kashi ɗaya cikin uku, sai dai in gwajin ƙasa ya nuna a ƙara.