Kafin ka biya kuɗin ɗaki a Akra, fara lissafin hanya

Ɗan'uwa kai da ka sauka Akra kwanan nan, ko kana hanya daga Kano ko Maraɗi ko Sakkwato, kada ka yarda ka biya kuɗin ɗaki sai ka bi hanyar da za ka riƙa bi kullum da ƙafarka, sau biyu aƙalla, da safe da yamma. Masu gida a nan haya ta shekara ɗaya ko biyu suke karɓa gaba ɗaya duk da doka wata shida ta ce, to in ka zube kuɗin ka ɗaure kanka kenan.

Ni haka ta same ni. Na samu ɗaki mai araha a Kasoa, ina ta murna, aikina kuma yana wajen Tudu cikin gari. Ashe Kasoa ma ba a cikin yankin Akra take ba, yankin Tsakiya ce, mutanen da haya ta kora ne suka cika ta, kuma duk hanya ɗaya muke bi ta Weija da Mallam mu faɗa Kaneshie. In ban fito da an sallame asuba ba to rana za ta same ni cikin gosulo, gwiwa manne da kujerar gaba, masu tallan ruwan leda suna wuce mu da ƙafa. Abin da na rage a haya kuɗin mota ya cinye, ga gajiya kyauta.

Wanda ya san Legas zai ce ai Akra ƙaramin gari ne, kuma da gaskiyarsa. Ƙidayar 2021 ta ce Gana duka mutum miliyan 30.8 ne, yankin Akra kuma miliyan 5.4 da ɗoriya, a shekarar ne ma ya wuce yankin Ashanti ya zama na ɗaya a yawan jama'a, alhali shi ne mafi ƙanƙanta a faɗin ƙasa, sama da mutum 1,600 a kowace murabba'in kilomita. Amma fa Tokiyo da ke da sama da miliyan 30 jirgin ƙasa ne ke kwashe mata jama'a, tashar Shinjuku kaɗai sama da mutum miliyan 3 ke ratsa ta a rana. Legas ma ta samu BRT, manyan bas masu layinsu daban a titi, tun 2008, ta ƙara da jirgin ƙasa na Blue Line a 2023. Mu nan kusan kowa kan kwalta yake. An kawo manyan bas na Aayalolo a 2016, amma har gobe trotro, wato ƙaramar bas ta haya, ce ke ɗauke da garin.

Shi ya sa cunkoson zango da sabon zuwa ke gudu ni nake ganin rahama ce. Nima da Mamobi da New Town a matse suke, gida jikin gida, lungu sai mutum ɗaya, ban musa ba. Sai dai inda mutane suka yi yawa mota ba ta daɗewa ba ta cika ba, ka fito bakin titi minti kaɗan ka samu, daga Nima zuwa babbar mahaɗar Circle ko tashar 37 ba nisa, masallacin ƙasa na Kanda ma da ƙafa za ka je Juma'a. Ga Hausa ko'ina, ko da yake Hausar zango ba ruwanta da bambanta mace da namiji, za ka ji an ce Hajiya ya zo, kada ka yi dariya, nan da shekara kai ma za ka fara.

Trotro kuwa sai ka koyi karatun hannu. Yaron mota, met ake ce masa, yana leƙe ta taga yana ihun sunan wuri a gutsure, in yana juya yatsa yana zagaye to Circle za shi. A tasha mota ba ta tashi sai ta cika, a hanya kuma tsintar fasinja ake. Riƙe ƙananan sidi da silalla a aljihun gaba, in ka miƙa babbar takarda ka riƙa tuna masa canjinka tun kafin ka kusa sauka, in ba haka ba ka sauka ya tafi. Ka kuma gaya masa inda za ka tun da wuri. Uber da Bolt da Yango suna nan don ranar da kake da kaya ko iyali, kullum kam aljihu ba zai ɗauka ba.

Sai damina, musamman watan Yuni. In hadari ya haɗu ka guji Circle da Kaneshie, rafin Odaw cika yake ya malalo titi. Ranar 3 ga Yuni 2015 ambaliya da gobarar gidan mai a Circle sun kashe sama da mutum 150, da yawansu sun fake ne suna jiran ruwa ya tsagaita, Allah ya jiƙan musulmin cikinsu. In ruwa ya kama ka a wajen aiki yi zamanka nan, ka kira gida ka ce za ka makara.