Yadda ake tayar da injin fetur na ƙaramin jirgin rimot da gano laifinsa a zafi da ƙurar Damagaram

Injin fetur ya fi dacewa da mai jirgin rimot a Damagaram saboda dalili guda: mansa yana nan kusa. Ɗayan nau'in injin, wanda ke shan metanol da nitiro, sai an yo odar mansa daga waje, ga tsada, ga shi yana jan ruwa daga iska in ya daɗe a ajiye. Shi kuwa fetur, tun da matatar mai ta SORAZ ta fara aiki a 2011 ba baƙon abu ba ne a garin. Injinan da aka fi samu irin su DLE da Zenoah ne, daga mai girman cc 20 zuwa 55, kuma dukkansu ƴan uwan injin zarton itace ne: ana gauraya musu baƙin mai a cikin fetur, suna da buji ɗaya a kowace silinda, da kafireta irin ta Walbro mai allura biyu masu saita yawan man da ke shiga.

Waɗannan allurai biyu su ne ke shan wahala a hannun sabon shiga. Da injin ya yi tari, sai a ɗauko turnabis. A mafi yawan lokuta allura ba ta da laifi, laifin yana cikin mai, ko tiyo, ko batir, ko ƙurar da ta shiga inda bai kamata ba. Wanda ya murɗa allura kafin ya duba waɗannan ya ƙara wa kansa matsala ta biyu a kan ta farko.

Mai da haɗinsa

Sayi fetur a gidan mai. Na kwalba da ƴan ruwa-ruwa ke sayarwa a bakin hanya babur yana iya haɗiye shi, amma ramukan da ke cikin wannan kafireta ba su fi bakin allura ba, ƙwayar yashi ɗaya ta isa ta toshe su. Ban da haka, fetur ɗin da ya wuni a rana cikin kwalba ya riga ya rasa sashensa mai saurin kamawa, shi ya sa injin ke wahalar tashi da shi. Ko na gidan mai ne, tace shi lokacin zubawa a jarka, ka kuma sa ƴar matata a tiyon da kake cika tanki da shi.

Baƙin man da ake so shi ne mai alamar 2T na injin da iska ke sanyaya shi, in da hali mai rubutun JASO FD a jikin gora. Na mota da na babur mai alamar 4T ba sa ƙonewa da kyau, suna barin gawayi a kan fistan har zoben ya manne. Na injin kwale-kwale mai alamar TC-W3 kuma an yi shi ne don injin da ruwa ke sanyayawa.

Masu ƙera DLE sun ce kashi 30 na fetur, kashi 1 na baƙin mai. A aikace, mililita 33 ke nan a kowace lita. In baƙin man mai inganci ne kuma injin ya riga ya saba, wasu na komawa 40 da 1, wato mililita 25 a lita. A zafin Afirilu da Mayu, lokacin da ma'auni ke haura digiri 40, gara a tsaya a kan 30 da 1. Auna da sirinji, ba da murfin gora ba. Haɗa abin da za ka ƙarar cikin mako biyu ko uku kawai, ka ajiye jarkar a inuwa, baki a rufe.

Tanki da tiyo

Tiyon silikon mai laushi da ake sa wa injin metanol ba ya jure fetur, kumbura yake ya saɓule. Nemi Tygon, wannan mai launin rawaya, ko baƙin Viton. Haka marufin tankin, dole ya zama na fetur. A ƙarshen tiyon da ke cikin tanki akwai ɗan ƙarfe mai nauyi da ke bin mai duk inda jirgi ya juya. Wanda aka naɗe da audugar tacewa ya fi, don yana tsotse mai har ƙarshe ba tare da jan kumfa ba. Ɗaure kowace mahaɗa da siririyar waya.

Tygon ɗin cikin tanki yana sandarewa da daɗewa, a zafin nan ma ya fi sauri. Alamarsa ita ce injin ya yi lafiya a ƙasa, amma ya mutu da zarar an ɗaga hancin jirgi sama ko an kifa shi. Girgiza jirgin ka saurara: in ba ka ji ɗan ƙarfen yana buga bangon tanki ba, buɗe ka canza tiyon. Sau ɗaya a shekara ya kamata a yi haka ko da bai nuna komai ba.

Wuta

A gindin farfela akwai ɗan maganaɗisu. Duk lokacin da ya wuce ta gaban idon da ke manne a jikin injin, wato ƴar na'urar da ke jin wucewarsa, akwatin wuta yana aika tartsatsi zuwa buji, kimanin digiri 28 zuwa 30 kafin fistan ya kai ƙololuwa. An saita wannan tun daga masana'anta, kada ka motsa idon sai in kusoshinsa sun kwance. Bujin da yawancinsu ke amfani da shi NGK CM6 ne, tazarar bakinsa milimita 0.5 ko ƙasa da haka kaɗan. Hular buji sai ka danna ta har ka ji ta shiga daram. Kada ka juya farfela wuta na kunne alhali babu buji a cikin hular, akwatin na iya ƙonewa nan take.

Duba abin da aka rubuta a jikin akwatin. Tsofaffi suna karɓar bolt 4.8 zuwa 6 ne kawai, sababbi da yawa har 8.4. Ba shi batirinsa daban, ba na risiba ba, wato na'urar da ke karɓar saƙon rimot a cikin jirgi, kuma ka nisanta akwatin da wayoyinsa daga risiba da kamar santimita 30. Sandar da ke jan totur ta zama ta roba ko mai kan roba, don ƙarfe da ke gugar ƙarfe yana damun saƙon rimot. Sa makunnin da zai ba ka damar kashe wuta daga rimot, ka kuma saita risiba yadda injin zai mutu in saƙo ya yanke.

Batir mai rauni yana yaudara sosai. Injin zai tashi, ya yi silo lafiya, wato aiki a hankali ba a ba shi totur ba, amma da an ba shi totur sai ya riƙa tsallake bugu, wanda bai sani ba ya ce kafireta ce. Auna batirin injin na aiki, ko ka gwada wani cikakke, kafin ka zargi komai.

Tayarwa

A ɗaure wutsiyar jirgi da igiya a turke, ko wani babba ya riƙe. Yara za su taru, a mayar da su bayan jirgi, kada kowa ya tsaya a gaba ko a gefen farfela. Kada ka tayar a kan rairayi. Shimfiɗa tabarma ko katako a ƙarƙashin hancin, domin farfela tana tayar da yashi kuma bakin kafireta yana nan a buɗe yana zuƙa. Wurin ma ya zama fili ne nesa da filin jirgin saman Zinder da barikin soja, kuma da sanin hukuma.

Sa safar hannu mai kauri ko ka yi amfani da sanda mai roba. Rufe cok, wato marufin da ke tare iska a bakin kafireta, kunna wuta, buɗe totur kaɗan sama da silo, sai ka riƙa buga farfela da ƙarfi har injin ya yi tari sau ɗaya ya mutu. Mai ya iso ke nan. Buɗe cok, ka sake bugawa, yawanci kafin bugu na biyar ya kama. In ka ci gaba da bugawa cok a rufe bayan wancan tarin, mai zai cika silinda. Maganinsa a kashe wuta, a cire buji, a buɗe totur duka, a juya farfela sau da yawa har man ya fita, a shanya bujin a mayar.

Allurai biyu

Sai duk abin da aka ambata ya tabbata lafiya sannan a zo nan. Allurar da ke kusa da jikin injin mai alamar L ce, tana kula da silo da tashi daga silo. Ta nesa mai alamar H tana kula da cikakken totur. Murɗawa ciki tana rage mai, waje tana ƙarawa. In ka rikice, rufe su duka a hankali har su tsaya, ban da matsawa don bakinsu yana lalacewa, sannan ka buɗe L zagaye ɗaya da kwata, H ɗaya da rabi. Takardar injinka na iya bambanta kaɗan, bi tata. Kashe injin kafin kowace murɗawa, hannu da turnabis ba su da aiki kusa da farfela mai juyawa.

Bari injin ya ɗumama minti biyu. Fara da H: cikakken totur, na'urar ƙirga juyi a hannu daga bayan farfela. Rage mai kaɗan-kaɗan, kashi ɗaya cikin takwas na zagaye ya yi yawa ma wani lokaci, har juyin ya kai iyakarsa. Daga nan sai ka koma baya, ka ƙara mai har ya sauka da juyi 200 zuwa 300 a minti. Wannan ragin shi ne ke ceton injin a sama, saboda man da ke shiga shi ne kuma ke shafe fistan yana rage masa zafi.

Ita L da kunne ake saita ta. Bar injin a silo, wajen juyi 1,800 a minti, na tsawon daƙiƙa 30, sannan ka tura totur gaba ɗaya. In ya yi shiru kamar an shaƙe shi ko ya mutu, mai ya yi kaɗan. In ya yi gurgur da hayaƙi kafin ya miƙe, mai ya yi yawa. Bayan ka taɓa L sake duba H, domin man L yana ci gaba da shiga har a cikakken totur. Bayan tashi ɗaya ko biyu ciro buji ka gani: ruwan ƙasa daidai ne, baƙi mai danshi yawan mai ne, fari kamar toka kuwa ƙarancin mai ne, kuma shi ne mai kashe inji.

Saitin ba ya zama ɗaya duk shekara. Iskar zafi ba ta da nauyi, ta sanyin safiyar hunturu kuwa tana da shi. Injin da aka saita da azahar a watan Mayu, in aka tayar da shi da sassafe a Janairu, zai samu iska fiye da man da ake ba shi. Ƙara wa H ɗan mai idan sanyi ya shigo. Haka in ka sa soso mai tace iska a bakin kafireta, abin da ya dace a lokacin hazo, sai an sake saiti.

In ya ƙi duk da haka

Buga farfela cok a rufe kana kallon tiyo. In mai ba ya tafiya, famfon kafireta ne. Wata siririyar fata ce da bugun iskar cikin injin ke motsawa, akwai kuma ta biyu a ɗaya gefen mai auna yawan man. Injin da ya yi watanni a ajiye ana samun fatun nan sun bushe sun yi tauri kamar kilishi. Kayan gyara mai lamba K10-WAT yana shiga kafiretocin Walbro na jerin WA da WT. Ɗauki hoto kafin ka kwance, don jerin fata da gasket ba ɗaya ba ne a gefen biyu. A ƙarƙashin murfin famfon akwai ɗan raga da bai kai ƙwayar wake ba, a nan dattin mai ke taruwa. Injin da ke tafiya lafiya a rabin totur amma ya shaƙe a cikakke, fara duba wannan ragar.

Silo da ke hawa da kansa, ko ya ƙi sauka bayan an rage totur, alamar iska ce ke shiga ta ɓarauniyar hanya. Duba kusoshin kafireta, gasket ɗin gindinta, da ƴan harsunan da ke bayanta masu buɗewa da rufewa. Harshen da ya tsage ko ya ƙi kwanciya yana sa mai ya riƙa fesowa baya ta bakin kafireta.

Akwai kuma injin da ke lafiya a ƙasa amma ya canza murya a sama. Murfin fatar awo yana da ɗan rami da ke jin nauyin iskar waje, kuma iskar da ke cunkushewa cikin murfin hancin jirgi tana danna shi. Ana liƙa wa ramin ɗan bututu a ja tiyo zuwa cikin jikin jirgi inda iska ke kwance. In kuwa ƙarfinsa ne ke raguwa bayan minti uku ko huɗu, zafi ne. Ƙofar fitar iska a murfin hanci ta ninka ƙofar shigar iska kamar sau uku, kuma a sa ƴan allunan da za su tilasta iskar ta bi ta haƙarƙarin silinda maimakon ta zagaye shi. Injin da ya sauko da zafi ya ƙi sake tashi, sau da yawa fetur ne ya tafasa a kafireta, a ja shi inuwa a ba shi minti goma sha biyar.

Farfelar katako tana tsukewa a bushewar hunturu, kusoshinta su saki ba tare da an taɓa su ba. Matsa su bi da bi, wannan da wanda ke fuskantarsa, kafin tashin farko na kowace rana, ka haɗa da na salansa. Bayan an gama, zuƙe sauran man tanki, goge injin, ka toshe bakin kafireta da na salansa da tsumma mai tsabta kafin a ɗora jirgin a mota ko a bayan babur.