Kurakuran da aka fi yi a tambayoyin fitar da hukunci na jarabawar LSAT

Mai neman gurbin karatun lauya a Amurka ko Kanada yawanci sai ya bi ta jarabawar LSAT, wadda aka fara yi a 1948, makinta kuma yana farawa daga 120 ya tsaya a 180. Tun watan Agustan 2024 da aka cire sashen wasannin tunani, nazarin hujja ya mamaye sassa biyu cikin ukun da ake ba maki, kowanne minti 35 da tambaya kusan 25. A cikinsu akwai tambayoyin da ke kawo 'yan jimloli, a ce ka ɗauka duk gaskiya ne, sannan ka zaɓi amsar da lalle ta tabbata cikin amsoshi biyar. A nan ɗalibai masu ƙwazo suke zubar da maki, kuma a ganina gaggawar cike giɓi da abin da ba a faɗa ba ce ke kayar da su.

Kuskuren da ya fi kowanne yawa shi ne juya sharaɗi. A ce tambaya ta zo da cewa duk wanda kwamiti ya ba tallafin karatu ya ci maki 165 ko fiye, sannan ta ƙara da cewa wata ɗaliba ta ci 170. Nan take zuciya za ta raya wa mutum cewa ɗalibar ta samu tallafin, kuma masu tsara jarabawar sun san haka, shi ya sa ba a rasa wannan amsar cikin biyar ɗin. Alhali jimlar ta nuna cewa makin sharaɗi ne na samun tallafi, ba ta ce yana wadatarwa shi kaɗai ba. Wataƙila mutum ɗari sun haura 165 amma goma aka zaɓa. Abin da ya tabbata shi ne wanda bai kai 165 ba bai samu tallafin ba. Ƙanin wannan kuskuren shi ne a ce wanda bai samu tallafi ba lalle makinsa bai kai ba, wanda shi ma babu jimlar da ta goyi bayansa. Maganin duka biyun shi ne a rubuta sharaɗin a takarda, a ja kibiya daga tallafi zuwa maki, a kuma riƙe cewa ba a bin kibiyar ta baya sai an kore ɓangarorin biyu tare. Kalmar “unless” ta fi rikita mutane, don haka a karanta ta da ma'anar “in ba haka ba” kafin a ja kibiyar.

Kalmomin adadi ma suna buƙatar natsuwa, domin ma'anarsu a jarabawar ta fi ta hirar yau da kullum tsauri. “Some” na nufin aƙalla ɗaya, kuma tana iya kaiwa ga duka, saboda haka idan aka ce wasu alƙalai sun amince da hukunci, ba a ce wasu sun ƙi ba. “Most” kuwa fiye da rabi ce. A aji mai ɗalibai 100, idan 60 suna koyon Faransanci, 60 kuma suna aiki da dare, dole aƙalla 20 su haɗa biyun, tunda ajin ba zai ɗauki mutum 120 ba. Wannan ne dalilin da ya sa “most” biyu a kan rukuni guda suke haifar da hukunci, amma “some” biyu ba sa haifar da komai, don ana iya samun mutum biyar nan, biyar can, ba tare da sun haɗu ba.

Akwai kuma shigo da sanin waje. Amsa tana iya zama gaskiya a duniya, ta kuma zama kuskure a jarabawar, muddin jimlolin ba su tabbatar da ita ba. Haka nan idan sakin layin ya ce masu suka suna ganin dokar ta gaza, abin da ya tabbata shi ne suna ganin hakan, gazawar dokar kanta ba ta tabbata ba.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne yadda ɗalibi ke tsallake amsar daidai don ta yi masa kama da maimaici, ya rungumi wadda ke ɗauke da “kullum” ko “babu ko ɗaya” don ta fi armashi. Gwajin da ya dace a yi wa kowace amsa shi ne a tambayi kai ko za a iya ƙaddara wani hali da duk jimlolin suke gaskiya amma amsar ƙarya ce. Idan an iya, a soke ta. Sai dai a duba lafazin tambayar da kyau, domin wadda ta nemi amsar da jimlolin suka fi ƙarfafawa tana da ɗan sassauci fiye da wadda ta nemi wadda lalle ta tabbata. Da yake kowace tambaya ba ta samun minti ɗaya da rabi cikakke, kuma ba a rage maki saboda amsar kuskure, idan biyu suka rage aka rasa mafita, a ɗauki mai sassaucin lafazi a wuce ta gaba.